Ta Ina Ruwan Zai Bi?

A tsofaffin unguwanninmu, idan mutum ya tashi gyaran gida, maƙwabta ba su cika damuwa da tsayin soro ko launin fenti ba. Abin da suke son ji shi ne ina indararo zai fuskanta, ta ina za a huda wuriya, kuma ina za a kai ɓaraguzan tsohon ginin. Dattawa sun san dalili. Gida na mai shi ne, amma ruwan da ya sauka a kansa ba ya tsayawa a iyakar katanga. Gangarawa yake yi, kuma a gangaren akwai mutane.

A ce wani yana saman layi, inda ƙasa ta yi tudu. Ya rushe ginin ƙasa zai tayar da na bulo. Ɓaraguzai sun taru tsibi-tsibi a ƙofar gida. Mai tifa ya faɗi kuɗin kowane sawu, mai gida ya lissafa ya ga kuɗin zai sayi buhunan siminti da dama. Ga kwata kuwa a gefen gida, a bushe ƙayau domin rani ne. Sai ya sa leburori su riƙa ɗiba a baro suna juyewa a ciki. Wata da watanni babu abin da ya faru. Wurin ma ya baje ya yi kyan gani, har mai shayi ya kafa teburinsa a kai. Sai Agusta ta zo da marka. Ruwan da ya saba bin kwata ya tarar da hanya a toshe, ya fasa ta tsakiyar layi, ya faɗa gidan da ya fi kowanne kwari. Katangar ƙasa ta jiƙe ta zauna, buhun gero ya tsiro, masai ta cika ta haɗe da rijiya. Kuɗin tifar da mutumin sama ya ƙi biya an biya shi har da ninki, amma daga aljihun waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba.

Irin wannan lissafin ne kamfanonin haƙar kwal suka shafe kimanin shekara 50 suna yi a tsaunukan Appalachia da ke gabashin Amurka. Sai dai a can tsauni sukutum ake rushewa, abin da ake cikewa da ɓaraguzan kuma ƙorama ce mai gudu.

Tsakiyar waɗannan tsaunuka, inda jihohin West Virginia da Kentucky da Virginia da Tennessee suka haɗu, ƙasa ce mai ruwan sama da yawa da daji mai duhu, wanda masana ke lissafawa cikin dazuzzukan da suka fi yawan ire-iren itatuwa da halittu a ƙasashen sanyi. Fili mai faɗi yana da wuyar samu. Tsauni ne, sai kwari mai matsi, sai wani tsaunin. Kowane kwari da ƙoramarsa, kuma a bakin ƙoramun mutane suka jera gidajensu, titi da layin dogo da makaranta da coci duk a matse wuri guda. Kusan kowa a ƙasan layi yake zaune.

Kwal yana shimfiɗe a cikin tsaunukan falle-falle, kowane falle da dutse a samansa da ƙasansa. Fiye da shekara 100 ana shiga masa ta ramuka, aiki mai haɗari da ya ci rayuka masu yawa. Wajen 1970 aka fara gwada wata hanya a West Virginia, wato a fille kan tsaunin a kwashi kwal ɗin ta sama. Abin ya bunƙasa bayan 1990, lokacin da aka tsaurara dokar tsaftar iska, tashoshin lantarki suka shiga neman kwal mai ƙarancin farar wuta, irin wanda yankin ke da shi.

Ga yadda ake yi. A sare daji, a sayar da katakon da ya sayu, saura a ƙone ko a tura shi gangare. A kankare ƙasar sama. A huda dutse ramuka-ramuka, a ɗura nakiya, a tayar. Mazauna kwari na jin girgizar a cikin ɗakunansu, bango na tsagewa, ƙura na sauka a kan shanya, wasu rijiyoyi na ƙafewa ko su canja launi. Sai a kawo injin ɗiba, wani ƙaton abu mai tsayin bene hawa 20, ya yaye dutsen da aka farfasa. A kwashe falle na farko, a sake fasawa zuwa na biyu, a sake zuwa na uku. A wasu wurare sai an rage wa tsauni fiye da mita 100. Duk wanda ya taɓa rusau ya san ɓaraguzai sun fi ginin da suka fito daga gare shi cin wuri. Haka dutse yake, idan ya farfashe ba ya komawa duka inda ya fito. Dole a sami ragowa mai yawa, ɗaukarta zuwa nesa kuma kuɗi ne. Kwari na nan kusa. Sai manyan motoci su riƙa ja da baya zuwa bakin gangare suna juyewa, har kwarin ya cika ya baje. Wasu daga cikin waɗannan cike-ciken tsawonsu ya haura kilomita ɗaya.

Wani rahoton hukumomin gwamnatin tarayya da aka kammala a 2005 ya ƙidaya mil 724 na ƙoramu da aka binne tsakanin 1985 da 2001, tsawon da ya zarce tafiyar mota daga Kano zuwa Legas. Daga baya hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta kai ƙiyasin kusan mil 2,000. Ƙungiyoyin kare muhalli na yankin sun lissafa tsaunuka fiye da 500 da aka taɓa.

Amsar da kamfanoni suka daɗe suna bayarwa ita ce, ƙoramun nan ƙanana ne, da yawansu ma ƙafewa suke yi wani ɓangare na shekara. Wannan ita ce maganar mutumin saman layi sak: “Ai kwatar a bushe take.” Ƙaramar ƙoramar da yaro zai tsallake da taku ɗaya ita ce mafarin kogi. A nan ganyen da ya faɗo ke ruɓewa, ƙwarin ruwa su ci, kifi ya ci ƙwarin. A nan ruwan sama ke samun abin da zai rage masa gudu. Kogin da ake gani da faɗi a ƙasa, tarin waɗannan ƙananan ne.

A nan kuma lamarin Appalachia ya fi na unguwa muni. Kwata idan ta toshe, ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli matasa za su fito da shebur da manjagara su yashe ta, ruwa ya koma hanyarsa. Ƙoramar da ke ƙarƙashin dutse mai kaurin mita masu yawa babu shebur ɗin da zai kai gare ta. Sannan ɓaraguzan dutse ba sa zama shiru kamar na ginin ƙasa. Dutsen da ya shafe miliyoyin shekaru a rufe, da zarar an farfasa shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya fara sakin abin da ke cikinsa. Ruwan da ke fitowa ta gindin cikon yana ɗauke da gishirin salfet da wasu narkakkun ma'adinai masu yawa, har wasu jinsunan ƙwarin ruwa su ɓace ƙwaf daga ƙoramar. Akwai kuma sinadarin siliniyam, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, amma idan ya yi yawa sai ya taru a jikin kifi da ƙwansa. A kogin Mud, ƙasa da mahaƙar Hobet a West Virginia, masu bincike sun sami kifaye masu lanƙwasasshen ƙashin baya. Ba a shekara ɗaya ko biyu wannan tsatsar ke ƙarewa ba, an auna ta tana ci gaba shekaru da dama bayan an rufe aiki. A Janairun 2010 Margaret Palmer ta Jami'ar Maryland da abokan aikinta sun fitar da nazari a mujallar Science, inda suka nuna ɓarnar ta game ko'ina kuma ba ta gyaruwa, gyare-gyaren da ake yi bayan aiki ba sa rama ta, suka nemi a daina ba da izini. Masana kimiyya ba su cika fitowa ƙarara haka ba.

Sai ambaliya. Tsaunin da aka sare wa daji, manyan motoci suka daddake ƙasarsa, ba ya shan ruwa kamar da. Maria Gunnoe, wadda danginta suka daɗe a ƙauyen Bob White na gundumar Boone, ta ga ruwa ya afka wa gonarta sau da dama bayan an fara aiki a saman gidanta, mafi muni a 2003. Daga nan ta shiga fafutuka, har ta sami lambar yabo ta Goldman a 2009. Kafin ita Judy Bonds ta sami wannan lamba a 2003. Ma'aikaciyar gidan abinci ce, 'yar mahaƙi, kuma abin da ya tayar da ita shi ne ganin jikanta tsaye a ƙoramar kwarin Marfork, matattun kifaye na yawo a kusa da ƙafafunsa.

Akwai wani ruwan kuma da ya fi wannan ban tsoro. Kwal sai an wanke shi kafin a sayar, baƙin dagwalon da ya rage kuma a bayan madatsu ake tara shi, can sama da gidajen mutane. Ranar 26 ga Fabrairun 1972 irin wannan madatsa ta kamfanin Pittston ta ɓalle a Buffalo Creek da ke West Virginia, mutum 125 suka mutu, kimanin 4,000 suka rasa muhalli. Kamfanin ya ce ikon Allah ne. Mu ma mun yarda komai da ikon Allah yake faruwa, amma ba mu taɓa yarda wannan ya wanke wanda ya toshe kwata da hannunsa ba. A Oktoban 2000 gindin wata madatsar ya fashe a gundumar Martin ta Kentucky, dagwalo fiye da galan miliyan 300 ya malala cikin ƙoramu, garuruwa suka rufe famfunansu. A ƙauyen Sundial na West Virginia kuma, makarantar firamare ta Marsh Fork ta yi shekaru a ƙarƙashin madatsar da aka ba izinin ɗaukar galan biliyan 2.8. Sai da wani kaka mai suna Ed Wiley ya taka a ƙafa daga West Virginia zuwa Washington a 2006, aka kuma yi ta faɗi-tashi, kafin yaran su koma sabuwar makaranta a 2013.

To ina duba-gari? Ina mai unguwa? Suna nan, kuma labarinsu ne ya fi ci mini rai, domin dokoki akwai su.

Tun 1971 ɗan majalisa Ken Hechler na West Virginia ya nemi a haramta haƙar kwal ta sama ɗungurungum. Bai yi nasara ba. Shugaba Gerald Ford ya ƙi sa hannu a dokar taƙaita aikin har sau biyu. Wadda Jimmy Carter ya sa wa hannu a Agustan 1977 ba ta hana ba, sharuɗɗa ta gindaya. Ta ce a mayar da ƙasa kusan yadda aka same ta, a ajiye kuɗin jingina na gyara, a nisanci gidan da ake zaune a ciki da ƙafa 300, maƙabarta kuma da ƙafa 100. Amma ta bar ƙofa: ana iya barin wurin a baje idan za a yi wani abin amfani a kai, kamar masana'anta ko gidaje. An gina kurkukun tarayya a kan wata tsohuwar mahaƙa a gundumar Martin, an yi filin wasan golf a wata a gundumar Mingo. Mafi yawan wuraren kuwa babu abin da aka gina, sai ciyawar da aka fesa irinta da inji a kan dakakkiyar ƙasar da itace ke wahalar kafa saiwa. Teburin mai shayi ke nan a kan kwatar da aka cike, ana nuna shi a matsayin ci gaba.

Batun maƙabartun nan ya kamata a tsaya a kansa. Mutanen yankin suna binne mamatansu a kan tudu, kowane dangi da tasa. Da aka fille kewaye, sai wasu maƙabartun suka zama tsibirai a tsakiyar mahaƙa, dangi sai sun nemi izinin kamfani kafin su kai ziyara kabarin iyayensu. Larry Gibson ya ƙi sayar da eka 50 na gadon danginsa a tsaunin Kayford, ya zauna a kai tsaunukan kewaye suna raguwa a idonsa, yana karɓar baƙi yana nuna musu, har ya rasu a 2012.

A 1983 aka fitar da ƙa'idar da ta hana aikin haƙa taɓa abin da ke cikin ƙafa 100 daga ƙorama, sai an tabbatar ba zai cutar da ruwan ba. Kowa zai ga binne ƙorama ya saɓa wa wannan, amma hukumomi suka ci gaba da ba da izini. A Oktoban 1999 alƙalin kotun tarayya Charles Haden ya yanke cewa ƙa'idar na nufin abin da ta faɗa. Gwamnan West Virginia da manyan 'yan majalisar tarayya daga jihar suka yi masa ca. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara da ke Richmond ta rushe hukuncin, ba don ta ce ya yi kuskure a kan ƙoramun ba, cewa ta yi ba hurumin kotun tarayya ba ne.

Abin da ya biyo baya ya fi komai kama da wasan da ake yi a unguwa. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta ba rundunar injiniyoyin soja ikon ba da izinin yin ciko a ruwa, irin wanda ake yi don gada ko titi, amma tsohuwar ƙa'idar rundunar ta ce abin da manufarsa zubar da shara ce ba ya shiga ciki. A Mayun 2002 gwamnatin George W. Bush ta sake rubuta ƙa'idar, ta sa ragowar dutsen mahaƙa cikin jerin abin da ake kira ciko. Kamar mai unguwa ne ya hana zuba shara a kwata, mai gini ya shiga wurinsa ya fito da takarda cewa ɓaraguzai ba shara ba ne. Ruwan Agusta ba ya karanta takarda. Alƙali Haden ya sake yanke hukunci a wannan wata na Mayu, aka sake rushewa a 2003.

Sau ɗaya aka ga ƙarfin hukuma a fili. A Janairun 2011 EPA ta janye izinin cike ƙoramu na mahaƙar Spruce No. 1 a gundumar Logan, aikin da zai binne fiye da mil 6 na ƙoramu. Kamfanin da ke da mahaƙar ya je kotu, aka yi shekaru, hukumar ta yi nasara. Abin da ya bambanta wannan da sauran shi ne an tsayar da baro kafin a juye shi. Gwamnatin Obama ta shafe shekaru tana rubuta sabuwar ƙa'idar kare ƙoramu, ta fitar da ita a Disamban 2016. A Fabrairun 2017 majalisa ta soke ta, Donald Trump ya sa hannu, kuma dokar da aka bi wajen sokewar ta hana a sake fitar da makamanciyarta sai da amincewar majalisa. A Agustan 2017 ma'aikatar cikin gida ta dakatar da nazarin da cibiyar masana kimiyya ta ƙasa ke yi a kan lafiyar mazauna yankin. Nazarce-nazarcen Michael Hendryx da abokan aikinsa sun riga sun nuna yawan cutar dajin huhu da ciwon zuciya da na ƙoda da haihuwar jarirai da nakasa a kusa da waɗannan mahaƙu, ko bayan an cire tasirin talauci da shan taba. Kamfanonin kwal sun musanta. Nazarin da zai raba gardama shi aka tsayar. Wanda ya tabbata yana da gaskiya ba ya korar mai awo.

Ba zan yi wa ma'aikata rashin adalci ba. A gundumomin nan aikin mahaƙa na cikin 'yan ayyukan da albashinsu ke riƙe gida, kuma mutumin da ke tuƙa katafila yana da yara a makaranta. Lebura mai tura baro shi ma sau da yawa a ƙasan layi yake kwana, ya san ruwan gidansa zai shiga, amma da kuɗin yau za a ɗora tukunya. Saboda haka faɗan ya raba dangi da maƙwabta, masu fafutuka suka sha barazana. Sai dai kamfanoni sun rungumi fille tsauni ne domin yana buƙatar mutane kaɗan. Wajen 1950 mahaƙan West Virginia sun haura 100,000, yanzu ba su kai 20,000 ba, kuma injuna ne suka fara cin ayyukan tun kafin a yi maganar dokar muhalli. Gundumar McDowell, wadda ta fitar da kwal mai ɗimbin yawa, ta sauka daga kusan mutum 100,000 a 1950 zuwa ƙasa da 20,000 a ƙidayar 2020, tana cikin mafi talauci a Amurka.

Daga ƙarshe kasuwa ce ta rage aikin fiye da kowace doka. Bayan 2008 iskar gas ta yi arha, tashoshin lantarki suka koma mata. Manyan kamfanoni suka riƙa karyewa, Alpha Natural Resources a 2015, Arch Coal a 2016, Blackjewel a 2019. A lokacin ne aka gane raunin kuɗin jinginar gyara. Wasu jihohi sun bar manyan kamfanoni su tsaya wa kansu da alƙawari kawai, a wasu wuraren kuma abin da aka ajiye bai kai kuɗin aikin ba, musamman tace ruwan da zai ɗauki shekaru masu yawa. Izini na ta sauya hannu daga kamfanin da ya karye zuwa ƙarami da ba shi da ƙarfin gyara. Aikin kuma bai tsaya ba, domin ana neman kwal ɗin yankin wajen narka ƙarfe a ƙasashen waje.

Akwai masu ƙoƙari. Tun 2004 wani shiri na haɗin gwiwar hukumomi da jami'o'i ke farfasa dakakkiyar ƙasar tsofaffin mahaƙu da manyan haƙoran katafila, ana dasa itatuwan asalin yankin, kuma suna kamawa. Wannan gyaran saman ƙasa ne, bai kai ga abin da ke binne ba. Ƙungiyoyin mazauna kuwa sun koma ga wata dama da dokar tsaftar ruwa ta ba ɗan ƙasa, ta shigar da ƙara da kansa idan hukuma ta yi sakaci. Suna zuwa gindin ciko da kwalabe, su ɗebi ruwa, su kai ɗakin gwaji, su gwada sakamakon da rahoton da kamfani ya miƙa wa gwamnati. A Kentucky, da suka bi takardun a 2010, sun tarar wasu kamfanoni na kwafe alƙaluman wani zango suna sake miƙa su a matsayin sabon awo, ba wanda ya lura a ofishin da aka ajiye su. Da irin waɗannan ƙararraki a kan siliniyam aka matsa wa Patriot Coal, mai mahaƙar Hobet, har a Nuwamban 2012 ya amince zai janye daga manyan ayyukan fille tsauni. Kamfanin ya karye a 2015, kadarorinsa suka watsu a hannun wasu, ruwan da ke fitowa daga cike-ciken Hobet kuma har yanzu yana buƙatar mai tace shi da mai biyan kuɗin tacewar.